Babur Daidai Awon Luba

Bungudu,
Lahadi, 6 ga Oktoba.

Zuwa ga uwargida Luba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki cikin sauƙi. Yaya jikin? Yaya hannun da ƙafar? Allah Ya ƙara afuwa, Ya sa kaffara ne. Ki gaishe min da 'yarmu Uwani da maigidanta Yazid, ki ce ina yi musu sannu da ɗawainiya. Ni nan lafiya lau, sai kewa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Wayar ce ba ta yi mana. Tun da shanyewar ɓarin jikin nan ta taɓa harshenki, in na kira sai Uwani ta tsaya a kai tana maimaita min abin da kika ce, ni kuwa akwai maganar da ba a yinta 'ya na saurare. In na zo ranar Juma'a kuma, kin san ba zan miƙe ƙafa a gidan suruki ba, kafin in shanye ruwan da aka kawo min na fara neman takalmina. Shi ya sa na roƙi Yari direba ya riƙa miƙa miki saƙo, tunda kullum sai ya shiga Gusau.

Gidan yana nan yadda kika bar shi wata huɗu da suka wuce, sai dai ya yi min girma. Zogalenki ya wuce katanga. Akuyarki ta haifi biyu, kuma har yanzu ba ta yarda da ni ba, in na kai mata dusa sai ta leƙa bayana ta ga ko kina tafe. Ƙaramar tukunyarki kuwa, gara in faɗa da bakina kafin maƙwabta su riga ni: na ƙona ta. Shekara arba'in ina ɗinka wa mutanen garin nan sutura ba wanda ya taɓa dawo min da riga, amma miyar kuka ta gagare ni.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya da na tashi tafiya, kin kama bakin rigata da hannunki mai lafiya, kika ce, "Kai ni gida." Uwani ba ta ji ba, tana tsakar gida. Ni na ji sarai, na yi kamar ban ji ba. Tun daga unguwarsu ta Tudun Wada har na sauka a tashar Bungudu maganar nan ke cina.

Kafin in fita na tsayar da Yazid a zaure, ya yi min bayani cikin ladabi yadda ya saba. Likitan da ke gasa miki jiki ya ce in ana so ƙafar ta dawo, sai kin riƙa zuwa asibiti Litinin da Alhamis ba fashi, aƙalla wata takwas nan gaba. Motar haya ba za ta yi ba, a matse ki cikin mutum huɗu, a sauke ki a tasha, sannan a nemi wani abin hawan, ga lungunmu da mota ba ta shiga. 'Yan kabu-kabu kuwa, ke da kanki kin sha faɗa ba za ki hau bayan namijin da ba naki ba, kuma ko kin yarda ni ba zan ba masu gudu kamar an koro su amanarki ba. Don haka shi da Uwani sun shirya ki zauna wurinsu gaba ɗaya. Har ya nuna min ɗakin da zai sa a gyara miki. Mutumin kirki ne, Allah Ya saka masa. Amma da na ga ɗakin nan gabana ya faɗi, Luba, don na san in kika shiga shi wata takwas zai zama shekara, daga nan kuma ba mai sake tayar da zancen Bungudu.

To, ni ma na yanke tawa shawarar. Zan sayi babur, in koya, in riƙa kai ki da kaina. Na san abin da za ki ce, tsoho ɗan shekara sittin da biyu da bai taɓa tuƙa abin da ya fi keke ba. Yi dariyarki, ina jinta daga nan. Gyaɗar bana ta yi kyau, ga ragon da na turke, za su isa. Kada ki gaya wa Uwani tukuna, kin san ta, halin mahaifiyata ta ɗauko tare da sunanta.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya dawo min da ke ɗakinki.

Ni ne mijinki,
Attahiru Tela.


Bungudu,
Talata, 15 ga Oktoba.

Zuwa ga Luba,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fata kin tashi lafiya, kuma gashin jiya bai gajiyar da ke ba. A gaida mutanen gidan duka.

Yari ya kawo min 'yar takardarki. Layi ɗaya kawai kika rubuta, amma na karanta shi ya fi sau goma: "Kar ka karya ƙafa, guda ta ishe mu." Na gode wa Allah da ciwon ya bar miki hannun dama, ya kuma bar miki bakin nan naki.

Na yi kuskuren furta zancen a majalisarmu ta bakin kasuwa, nan take kowa ya zama masanin babur. Alhaji Ɗahiru ya ce babba zan saya irin na 'yan kabu-kabu, shi ne babur ɗin maza, ya ɗauki buhu ya ɗauki mutum. Shehu mai shayi ya ce roba-roba, don ba ya shan mai. Har Malam Mahadi da ko keke bai iya ba ya tofa albarkacin bakinsa. Na saurare su duka, ranar Asabar na rataya tef ɗina na awo a wuya na shiga Gusau.

Shago huɗu na shiga, kuma abin bai wuce iri uku ba. Akwai babban, mai kuloci a hannu da giya a ƙafa. Akwai roba-roba, ba kuloci amma akwai giya. Sai wani ɗan ƙarami mai ƙananan tayu, gabansa a shimfiɗe inda mutum ke ajiye ƙafafu biyu kamar yana zaune a kujera, shi ba giya ko ɗaya, a murɗa totur kawai ya tafi. Masu shagunan sai zancen ƙarfin inji da gudu suke yi min. Ni kuwa na durƙusa ina auna tsayin kujerar baya daga ƙasa, da faɗinta, da nisan matakin ƙafa, ina duba ɓangaren da salansa take don kada ta ƙona ki. Wani ya gaji da kallona ya tambaye ni ko riga zan ɗinka wa babur ɗin.

Awonki ba sai na buɗe littafi ba, shekara talatin da takwas ke nan ba wanda ya ɗinka miki ko ɗankwali sai ni. Na yi lissafina: in za ki yi zaman gefe, ƙafafu a hagu, ba tare da kin yi tsalle ko an cicciɓe ki ba, kada kujerar ta wuce inci ashirin da tara. Babban talatin da uku ne. Roba-roba talatin da ɗaya. Ɗan ƙaramin ashirin da takwas.

Kin ga tef ya gama magana. Amma bari in faɗa miki gaskiya, tunda ke ce. Akwai wani babba ja a shago na uku, na daɗe ina shafa tankinsa, ina hango kaina na shigo Bungudu a kai, babbar riga na tashi. Ashe tsufa ba ya raba mutum da son a gan shi. Abin da ya dawo da ni hayyacina, bayan tsayinsa, shi ne yadda ake tsare masu irinsa a kowane shinge ana yi musu tambayoyi, saboda halin da ake ciki, ni kuwa ba zan so ki riƙa tsayuwa a rana ba. Ɗan ƙaramin kuma mai shagon da kansa ya ce na malaman asibiti mata ne da 'yan makaranta. Don haka hankalina ya fi kwanciya da roba-roba. Inci biyun da ya ƙaru, dakalin ƙofar gidanmu zai cike shi.

Ban saya ba tukuna. Zan je Tsafe wurin Jatau da ya yi min abokin ango, wanda kika ce ya fi kowa cin tuwon bikinmu. Shekara talatin yana gyaran babura, ba zai bari a cuce ni ba, kuma ya ce shi zai koya min. Kada ki damu da hanya, da hantsi zan tafi.

Ki ci abinci da kyau. Ranar Juma'a na ga kwanonki an fito da shi kusan yadda aka shigar.

Naki,
Attahiru.


Bungudu,
Alhamis, 24 ga Oktoba.

Zuwa ga Luba,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata ana samun sauƙi. Kafin komai, ƙafafuna biyu suna nan lafiya. Gwiwar hannu ce kawai ta ɗan goge, da wandon nan mai ruwan toka, shi ma na riga na yi masa faci.

Kwana uku na yi a Tsafe. Jatau ya tsufa, haƙoran gaba sun tafi, amma iya shegen yana nan. Ya aro roba-roba ya kai ni wani fili a bayan gari, ya nuna min totur, ya nuna min birkin hannu da na ƙafa, sannan ya nuna min giya. Luba, kin san yadda giyar nan take? Ƙarfe ne mai baki biyu a ƙarƙashin ƙafar hagu, a taka gaba da yatsu, a taka baya da diddige. Ina ɗora ƙafa na ji kamar na san wurin.

Na tashi lafiya, na yi taku kamar ashirin, Jatau na bina da gudu yana yaba min. Injin na daidaita ƙararsa sai babur ya fara fizga, ya zabura ya tsaya, ya zabura ya tsaya, can sai ga ni a ƙasa. Muka sake, haka. Na uku ma haka, wannan karon a cikin ƙaiƙayin wani bawan Allah. Jatau ya ce in sake hawa, shi kuma ya tsuguna yana kallon ƙafafuna kawai. Ban yi nisa ba na ji shi yana dariya har da tari. Da ya samu numfashi ya ce, "Attahiru, ƙafar ga taka ɗunki takai, ba tuƙi ba."

Gaskiyarsa ce. Da zarar kunnena ya ji inji na tafiya, ƙafafuna sai su kama feda yadda suka saba a keken ɗinki, yatsu, diddige, yatsu, diddige. Ta hagu na sauya giya, ta dama na taka birki, ni ban ma sani ba. Kwana biyu muna fama. Na yi musu faɗa, na hana kaina sauraren injin, har Jatau ya toshe min kunne da auduga. In na sa hankali a ƙafa sai in manta hannu, in na koma hannu sai ƙafa ta koma shago.

Rana ta uku ya ja ni bayan garejinsa ya yaye wani buhu. Ɗan ƙaramin nan ne, irin wanda na gaya miki, shuɗi, na wata malamar makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki ta bar shi a sayar. Ya ce ya kwance shi ya ɗaure da hannunsa, lafiyarsa ƙalau. A wannan babur ɗin, ƙafa ba ta da aiki, in tana so ta yi ta ɗinki har Bungudu. Na hau, na zagaya filin sau shida ban faɗi ba. Na sa tef, ashirin da takwas cif.

Sai na ce masa zan yi shawara, na hau mota na dawo gida. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma ba na ɓoye miki abu. Ba wata shawara, majalisa na tuna. Na hango Alhaji Ɗahiru yana tambayata ko babur ɗin Uwani na aro. Na shigo gida da la'asar, na zauna a bakin ƙofar ɗakinki, sai idona ya faɗa kan takalmanki na roba, suna nan inda kika cire su ranar da kika faɗi, ɗaya ya ɗan juya. Wata huɗu ina share tsakar gida ina kewaye su. Na ce wa kaina, Attahiru, kai da kake son matarka ta dawo, da wa za ka kwana a gidan nan, da ita ko da Ɗahiru? Ban tashi daga wurin ba sai da na kira Jatau.

Jibi zai tuƙo shi da kansa, ya kwana biyu a nan ya ƙara gyara min hannu. Ya ce in gaya miki yana bin ki tuwo.

Mijinki,
Attahiru.


Bungudu,
Lahadi, 10 ga Nuwamba.

Zuwa ga Luba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki ya jiki. Na yi murna ƙwarai ranar Juma'a da na ga kin tako daga gado zuwa ƙofa da sanda. Allah Ya ƙara ƙarfi.

Na san labari ya riga ni, tunda bakin Yari ba ya riƙe ruwa. E, da gaske ne, da buhun gero nake yawo. Jatau ne ya ce tuƙi kai kaɗai daban, tuƙi da mutum a baya daban, kuma kada in kuskura in fara gwaji da ke. Kin tuna shekarar da masu sayen gyaɗa suka bar sikelinsu a zaurenmu, kika faki ido kika hau, kika sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba? Ban faɗa ba har yau. Na dai kai buhu wurin mai sikeli na yi ta ɗiba har ya tsaya a kilo saba'in da biyu, na ɗaure shi a kujerar baya ya ɗan rinjaya hagu, yadda za ki zauna.

Kullum bayan hantsi ni da shi sai mun fita. Da farko zuwa bakin gari, sannan rabin hanya, yanzu sau biyar ke nan muna kaiwa ƙofar asibiti mu juyo. Na san kowane rami, na san inda manyan motoci ke matse mutum. Majalisa ta sa wa buhun suna amarya, in na wuce sai Shehu ya ɗaga murya yana tambaya ko amarya za ta sha shayi. Kwana biyu abin ya dame ni, yanzu har ɗaga musu hannu nake yi. An yi lamba, na karɓi lasin, na sayi hular kwano biyu, taki mai ɗan faɗi don ta hau kan hijabi. Na ɗinka wa kujerar matashi mai laushi, na kuma yi miki sabon hijabi da ya gaza sauran da inci shida, don kada ya shiga taya.

Uwani ta kira ni ranar Laraba. Ba ta ɗaga min murya ba, ta dai yi ta kuka, ta ce uwa ɗaya gare ta, da ƙyar aka ceto ta, ba za ta miƙa ta a kan titin Sakkwato ga wanda ya fara tuƙi mako biyu da suka wuce ba. Ban ji haushi ba, don ni ma na sha faɗa wa kaina haka. A ƙarshe ta ce in zo ranar Asabar ta sama, ashirin da uku ga wata, in ɗauke ta ita da kanta daga gida zuwa asibiti in dawo da ita. In ta gamsu, ki biyo ni. In ba ta gamsu ba, Yazid ya sa a fara aikin ɗakin, kuma kada in sake tayar da maganar. Na amince.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na rubuto. Kin tuna zamanin keke, in zan kai ki gidanku? Da hannun hagu kike riƙe kariyar keken ta baya, na dama yana kan cinyarki. Ko a gangare, ko a yashi, ba ki taɓa dafa ni a gaban mutane ba, kuma ban taɓa nema ba, don na san tarbiyyar da kika taso da ita. To, yanzu hannun hagu ba zai riƙe komai ba. Na duba babur ɗin ta kowane gefe, na auna, na sake aunawa. In kin yi zaman gefe, hannunki na dama ba abin da yake kusa da shi sai ni. Buhu da igiya nake ɗaure shi, ke ba zan ɗaure ki ba. Sai kin riƙe ni, Luba, riƙo na sosai, a cikin Gusau da cikin Bungudu, kowa na gani. In ba za ki iya ba ki gaya min, ba zan ga laifinki ba, amma ba zan tayar da injin ba.

Ina jiran amsarki ta hannun Yari.

Naki har kullum,
Attahiru.


Shago,
Lahadi, 24 ga Nuwamba.

Zuwa ga Luba,

Assalamu alaikum. Yaya gajiyar hanya, yaya kwanan gida? Na san abin dariya ne in rubuto miki alhali katanga ɗaya ce tsakaninmu, kina can kina barcin azahar. Hannuna ne ya saba, kuma akwai abin da in na buɗe baki zan faɗa miki sai ya maƙale.

Sau biyu Yari ya kawo min takardarki bayan waccan wasiƙa. Ta farko kin tambayi 'ya'yan akuya, ta biyu kin ce in wanke randa. Zancen riƙo ko kalma. Haka na fito jiya ban san matsayina ba.

Jarrabawar Uwani kin ga farkonta da ƙarshenta. Abin da ba ki gani ba, ta ƙanƙame ni tun daga ƙofar gida har numfashina na ɗaukewa, tana karanto duk addu'ar da ta sani. A dawowa ta sassauta. Da ta sauka ba ta dube ni ba, ta ce in riƙa rage gudu kafin kwana, ta shige ta ɗauko jakarki. Kika fito da sanda, kika juya, kika zauna a kujerar nan da kanki ba wanda ya taɓa ki. A nan na ji daɗin tef ɗina. Sannan na ji kin kama gefen rigata da yatsu biyu. Na riga na ce a wasiƙa ba zan tayar da inji ba in ba ki riƙe ni ba, amma ga Yazid tsaye, ga maƙwabta, na kasa tona miki asiri. Na ce a raina mu fita lungun tukuna.

Kin ji yadda babur ya zabura da muka tashi, har Uwani ta dafe ƙirji. Kin ɗauka rashin iyawa ne. Totur ɗin saba'in da biyu na ba shi, Luba, irin wanda na saba ba shi in ina ɗauke da buhu, sai na ji ba kowa a bayana. Duk cikin gari ina tafiya kamar mai keke, ina leƙen madubi in ga gefen hijabinki. Da muka fita gari muka hau ɗan tudun nan da buhu ke ja na baya, ban ji an ja ni ba. Madubi ya nuna min titi kawai. Na ɗauka kin zame tun can ban sani ba. Ban san lokacin da na tsaya a gindin tsamiyar nan ba.

Na waiwaya, ga ki zaune da yatsunki biyu. Abin da na iya cewa kawai, "Luba, ba na jin ki." Kika dubi gabas, kika dubi yamma, sannan kika zagayo da hannunki kika riƙe ni. Kin tambaye ni me ya sa muka daɗe ba mu tashi ba, na ce injin nake bari ya huta. Ƙarya na yi miki. Kuka nake yi a cikin hular kwano. Ni da nake taƙama ina auna mutum da ido daga ƙofar shago, wata biyar ina zuwa duk Juma'a ina ganinki a cikin hijabi a bakin gado, ban ga abin da ciwon nan ya ci ba. Da tsohon awo na yi ta shiri.

Da muka iso bakin kasuwa na rage gudu da gangan, don in ba ki dama ki janye hannu kafin majalisa, na ce sauran 'yar tafiyar sai in lallaɓa. Sai na ji kin ƙara matsewa. Haka muka wuce su. Ba wanda ya yi zancen amarya. Alhaji Ɗahiru ya miƙe tsaye yana yi miki barka da zuwa, sauran suka bi shi. Na san yadda riƙon nan a gaban mutane ya yi miki nauyi, kuma ba zan manta ba.

Da safen nan da na ce zan gwada tsawon hijabi, ba hijabin nake aunawa ba, ina jin kin gane kika ƙyale ni. Inci huɗu ya tafi a kafaɗa da ƙirji, biyar a ƙugu. Na kwaso rigunanki uku da kika fi so na zo da su shago, ga su nan a ƙarƙashin takardar nan, na rage su daidai jikinki na yanzu don kada ki riƙa iyo a ciki gaban likita. In kin juya cikinsu za ki ga ɗinkin ya yi kauri. Ban sa almakashi ba, ko inci ɗaya ban yanke ba. Ninke shi na yi a ciki, da zare mai sauƙin warwara. Duk wata zan sake awo, in buɗa kaɗan.

Geron nan kuma na sauke shi a madafa, ya ga hanya ya isa haka. Na roƙi Sa'adatu maƙwabciyarmu ta riƙa dama miki fura da shi safe da yamma, kuma sai kin shanye shi duka, ni zan tsaya a kai.

Gobe Litinin, ƙarfe bakwai za mu fita. Na sha mai, na duba iska. Ki riƙe ni tun daga ƙofar gida.

Ni ne mijinki, direbanki, kuma telanki,
Attahiru.